Suyar Adama da Takardar Gusau

Har yau ban manta da safiyar da aka ce Manaja yana kirana a ofis ba. Ina zaune a rumfa da faifai a cinya ina tsintar gyaɗa, sai da na waiga in ga ko akwai wata Saude a bayana. Na daɗe a wurin nan, amma ofishin ko shara ba ni nake yi masa ba.

Ku da kuka zo daga baya, bari in faɗa muku yadda muke a lokacin. Ƙungiyar mata ce a nan Bungudu, muna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ana sayo gyaɗa da ɓawonta daga kasuwar Tsafe, a ɓare da inji, mu tsince, a soya, a murje, a niƙa, a tatse mai, tunkuzar kuma a toya ƙuli. Shugabarmu Inna Dije, ita ta kafa wurin da kaskonta guda tun kafin a san za a yi inji. Ƙarƙashinta Manaja, Malam Sanusi, ɗan ƙanenta, shi kaɗai ne namiji kuma shi kaɗai ke da kujera mai juyawa. Sai mai suya, sai masu tuya, sai mu masu tsinta a can ƙasa, inda ba a tambayar ra'ayi.

Mai suyarmu Adama ce. Mutanen ruga ne daga wajen Kwatarkwashi, shanunsu suka ƙare, maigidanta ya rasu, ta shigo gari da 'ya'ya. Aikin nan shi ne tuwonsu.

Bayan kakar shekarar, babban mai sayen kayanmu, wani Alhaji a Sabon Garin Gusau da ke ƙulla ƙuli a leda yana aikawa manyan kantuna, ya dawo mana da kaya. Ya ce ƙulin yana ɗaci a ƙarshen harshe, man kuma yana wani wari kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Aka ba shi haƙuri. Na gaba ma ya dawo da shi. Sai ya aiko da sharaɗi: ba zai ƙara karɓar ko jarka ɗaya ba sai ya ga a cikinmu akwai wanda ya yi horo a kan tsabtar abinci da gyaran tsarin aiki, a wata cibiya da ke Gusau, ya kuma samu takardar shaida.

Mu dai ba mu sha wahalar gano mai laifi ba. Kafin azahar ta ranar da kayan suka dawo, kowa ya san Adama ce ke ƙona gyaɗa. Ɗaci ai daga wuta yake. Wata ma ta ce, “To me ake jira? Bafillata nono ta sani.” Adama tana jin su, tana juya kaskonta, ba ta ɗago ba. Manaja ya riga ya ce ƙarshen wata za ta ajiye.

Na shiga ofis na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, “Saude, kin yi yaƙi da jahilci ko?”

Na ce, “Na yi, Manaja.”

“Kina iya rubuta sunanki?”

“Har na yarana.”

“Madalla. Za ki je Gusau mako guda. Ki zauna, in sun yi magana ki gyaɗa kai, in sun ba da abinci ki ci, ki karɓo mana takarda. Na so in je da kaina, amma wa zan bar wa ofis?” Ya ɗan juya a kujera. “Na duba duk matan nan, ke ce ba ki da surutu. Ba na son a aika mace ta dawo tana koya mana aiki.”

Na yi godiya. A rayuwata ba a taɓa zaɓena a kan wani abu ba, sai ga shi an zaɓe ni don an tabbata ba zan amfana da komai ba. Na bar yara wajen ƙanwata na hau mota.

Mun taru daga wurare daban-daban: masu burodi, masu ruwan leda, masu yogot, wasu da manyan karatu. Na zauna a baya ina shirin gyaɗa kai. Malamar da ke koyar da mu wata 'yar siririya ce mai tabarau, da Hausa take yi, kuma ba ta yarda da gyaɗa kai ba. Ranar farko ta ba kowa babbar takarda ta ce ya zana aikinsu daga shigowar kaya har fitarsa, mataki bayan mataki. Ni na zana buhu, inji, faifai, kasko, jarka. Ta tsaya a kaina ta duba.

“Maman wa?”

“Maman Nafisa.”

“Maman Nafisa, matsalarku mene ne?”

Na ce, “Mai suyarmu ce.”

Ta ce, “Ban tambaye ki wa ba. Me ke faruwa da kayan?”

“Ɗaci.”

“A wane mataki yake shiga?”

“Wajen suya.”

“Kin gani, ko an faɗa?”

Na sake duban zanena. Ta ce wannan shi ne karatun makon gaba ɗaya, sauran duk ƙari ne. Ta ce a duk wurin aikin da ta taɓa shiga, mutane sun san mai laifi tun kafin su san laifin, kuma abin mamaki kullum mai laifin shi ne wanda ba shi da kowa a wurin.

Ta koya mana abubuwan da ban taɓa ji ba. Fumfunar da ke kama gyaɗa in ta ji danshi tana barin guba mai cutar hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Na tuna yawan ƙulin da na daka wa yarana a yaji. Ta koya mana yadda ake gwaji: in kana zargin abu, ka raba kaya biyu, ka sauya abu ɗaya tak, ka bar sauran yadda suke. Ta ce kada mu yarda da zanen da muka yi a aji, don daga ka muka zana shi. Mu koma mu bi kaya ɗaya da ƙafarmu mu ga inda yake bi, da inda yake kwana.

Ranar ƙarshe muka yi jarrabawa, na ci. Ina jiran takarda sai Malama ta ce babu wanda zai tafi da ita. Kowa zai koma wurin aikinsa ya gano matsala ɗaya ta gaske, ya gyara ta yadda aka koya masa. Ita za ta zo da kanta ta gani. Sai ta gamsu za a buga suna a takarda.

Da na faɗa wa Manaja sai da kujerar ta daina juyawa.

“Wane irin abu ne wannan? Mun biya fa!”

Na ce haka tsarin yake.

Ya yi tunani, fuskarsa ta washe. “To ai da sauƙi. Matsala: Adama. Gyara: mun sallame ta. Ki rubuta, in duba miki kuskure.”

Na ce, “Manaja, wani mai burodi ya kawo irin wannan a aji. Malama ta ce sallamar mutum ba gyara ba ce sai an nuna da gwaji cewa daga hannunsa ne. Kuma in an sallame ta kafin a gwada, ba za ta sa hannu ba.”

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. “Mako ɗaya kawai,” ya ce, “mako ɗaya.” Amma takarda yake so, don haka Adama ta samu jinkiri har zuwan Malama. Ba wanda ya faɗa mata dalili. Ita dai ta ga wata ya ƙare ba a kira ta ba, ta ci gaba da zuwa da sassafe kamar mai jiran a tuna.

Ranar da motar Tsafe ta sauke kaya, na yage bakin tsohon zanena na ɗaura wa buhu ɗaya. Na ce duk inda ya je ina biye. Matan rumfa suka samu abin yi.

“Likita, yau buhu ake aunawa?”

“Ku ba ta hanya, mijinta ne ke gaba.”

Na yi dariya tare da su. Buhuna ya shiga sito ya zauna. Bayan la'asar mata suka fara tafiya gida, ni na zauna kusa da shi. Can sai ga Inna Dije da bokiti. Ta sa aka zazzage buhunan a daɓe, ta yi bisimilla, ta riƙa ɗiban ruwa da hannu tana yayyafa wa gyaɗar, tana juyawa da ƙafa, tana addu'ar Allah ya sa albarka. Aka rufe da tamfol.

Na sha ganin wannan. Kowa ya sha gani. Ana jiƙa ɓawo kaɗan ne don ya yi laushi, injin kada ya farfasa tsabar. Amma ban zana shi a Gusau ba, don a wajena ba aiki ba ne. Abin Inna ne, kamar yadda take ɗaura ɗankwali.

Washegari aka ta da inji aka ɓare kayan gaba ɗaya, don Manaja ba ya son a riƙa tayar da shi kullum ana ƙona mai. Muka tsince, aka ɗura tsabar a buhunan leda aka jingine a sito, na mayar da ƙyallena kan ɗaya daga cikinsu. Kaskon Adama ba ya cin fiye da ƙarfinsa, don haka buhuna suka yi layi suna jiranta. Nawa yana can baya. Kwanaki suka wuce. Da layi ya zo kansa na kwance baki na tura hannu har gwiwar hannu. Ciki da ɗumi, kamar an ajiye tuwo. Na damƙo daga tsakiya na fasa ƙwaya, ga wani tsanwa-tsanwa a tsakanin ɓarin biyu. Waje lafiya lau, shi ya sa ido ba ya kamawa wajen tsinta.

Na zauna a kan buhun na rasa inda zan sa kaina. A Gusau an koya mana gano matsala. Ba a koya mana yadda ake faɗa wa matar da ta yi miki wankan jego cewa hannunta ne ba.

Na fara da Manaja. Ya saurara, ya tashi ya tura ƙofa.

“Ke kin san abin da kike faɗa? Gwaggona ce fa. Ni ban ji ba. In kina da ƙarfin hali ki je ki same ta, amma kada sunana ya fito.”

Na ce to.

Na je gidanta da yamma na same ta tana gyaran zogale. Na zauna na taya ta. Sai da muka gama gaisuwar yara ɗaya bayan ɗaya na ce, “Inna, jarrabawa aka ba ni, kuma in ba ki taimake ni ba zan faɗi, a ce matan Bungudu ba su da kai.”

“Wa zai ce haka? Mi suka ce ki yi?”

“Sun ce in raba buhu biyu. Rabi a yayyafa masa ruwa, rabi a bar shi. Kuma sun ce wadda ta fi kowa sanin gyaɗa ita za ta ɗanɗana.”

“Yo ai ba sai an yi gardama ba,” ta ce.

Haka aka yi da kaya na gaba. Ita da hannunta ta yayyafa wa rabin, aka ɓare kowanne daban, aka jingine su tare suka jira layi kamar kullum. Adama ta soya su a kasko ɗaya, wuta ɗaya, ba ta san dalili ba. Aka toya ƙuli. Na zuba a kwano biyu na kai wa Inna cikin sito, na jawo ƙofa, don wannan ba abin idon jama'a ba ne.

Ta gutsiri na farko ta tauna ta haɗiye. “Wanga ƙuli ne.” Ta gutsiri na biyu, ta juya shi a baki, ta tofar. “Kin ji ko? Suyar Adama ke nan. Na farin wa ya soya?”

“Adama, Inna.”

Ta dubi kwanonin. Ba sai na ce komai ba, ita ta ɗaura wa buhunan alama.

“Uwata haka take yi a 'Yandoto,” ta ce a hankali. “Ita ma haka ta taras. Ba wanda ya taɓa tofar da ƙulinta.”

Na ce, “Haka ne, Inna. In ta jiƙa ta ɓare, yaushe take soyawa?”

“Ran nan mana. Ajiye wa wa za ta yi? Mudu nawa ne duka?”

Tana rufe baki ta ji abin da ta faɗa. Ta juya ta dubi layin buhunan da ke jingine da bango.

Na ɗauka an gama. Sai ta gyara zama ta ce, “Saude, ni na riƙe ki ran da kika haifi Nafisa. Ba ki isa ki hana ni abin da uwata ta koya mini ba. In malaman Gusau sun hana, su kawo takarda in gani.”

To ga yadda muka tsaya. Alhaji ba zai sayi kaya ba sai ya ga takarda. Malama ba za ta ba da takarda ba sai an gyara. Inna ba za ta gyara ba sai ta ga takarda. Adama kuma tana tsakiya da kaskonta, ba ta san a kanta ake ba.

Na kwana biyu ina juya abin. Sai na tuna Malama ta ce gyara ba lallai ne a cire mataki ba, wani lokaci lokacinsa ake sauyawa. Na koma na ce, “Inna, ba hanawa za a yi ba. Mu koma yadda mahaifiyarki take yi. Abin da Adama za ta iya soyawa a yini, shi kaɗai za a jiƙa a ɓare, a baza a rana, a soya kafin dare. Sauran ya zauna cikin ɓawonsa a bushe.”

Ta ce, “Yo ni mi nike faɗi tun da aka kawo injin ga?”

Ban taɓa jin ta faɗa ba, amma na ce gaskiya ne.

Da safe ta tara mata a rumfa ta yi mana faɗa sosai. Ta ce 'yan zamani sun lalata sana'a da son sauƙi, a ɓare na mako a jibge kamar taki. Daga yau an daina. Manaja ya fito ya fara maganar man inji, ta ce, “Sanusi, koma ka zauna bisa kujerarka.” Ya koma.

Malama ta zo bayan 'yan makonni. Ta gaida Inna har ƙasa, ta bi aikin daga sito har jarka, ta tura hannu cikin buhu, ta fasa ƙwaya, ta tambaye ni yadda na yi gwajin, ta sake tambaya ta wata hanya don ta ga ko zan sauya. Ta ce ita da za a bar jiƙawar gaba ɗaya ta fi so, amma wannan ma ta karɓa, in dai ba a kwana da danshi. Ta ɗauki ƙuli da mai ta tafi da su a auna. Bayan nan takarda ta iso, da sunana da na mahaifina, an rubuta daidai.

Manaja ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a bayan kujerarsa. Hoton da aka aika wa Alhaji shi ne riƙe da ita, ni ina gefe, kafaɗata ta fito. Alhaji ya karɓi kaya, ya ƙara yawan abin da yake so. Tun daga nan Manaja ya zama babban mai wa'azin horo, duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin yadda ya hango tun farko cewa matsalar ta tsari ce.

Amma takardar ta yi aikin da ban zata ba. Cikin sharaɗin da ke tare da ita akwai cewa mai ita na da ikon tsayar da duk kayan da bai yi ba. Ran da na fara cewa a ware wani buhu, wata mai tuya da ta girme ni ta ce wace ce ni. Kafin in buɗe baki Inna ta ce daga inda take, “Mai takarda ta ce a ware, a ware.” Maganar da ba za a karɓa daga bakina ba, an karɓe ta daga bango.

Adama ba a taɓa kiranta ofis ba, ba a kuma ba ta haƙuri ba. Maganar sallama dai ta bi iska. Wata rana Manaja yana zagaye da hannu a baya ya tsaya wajen kasko, ya ɗauki gyaɗa ya murje ya jefa a baki.

“Adama, kwanan nan suyarki ta gyaru ƙwarai. Ki ɗore a haka.”

Ta ci gaba da juyawa, ta ce, “Na gode, Manaja. Tun da Saude ta je karatu hannuna ya warware.”

Ya ce, “Kin ga amfanin horo ke nan,” ya wuce yana jin daɗi. Matan rumfa kowacce ta sunkuyar da kai cikin faifanta.

Ku da za a aika bana, abin da na koya ke nan. A sana'ar nan kowa yana da ido, amma kowa kuma yana da wanda ba ya iya kallo ya faɗa masa gaskiya, shi ya sa laifi yake gangarowa har ya tsaya kan wanda ba shi da mai tare masa. Horo ya koya mini in bi kaya maimakon in bi mutum, takarda kuma ta sa aka saurare ni ba tare da na ɗaga murya ko na zubar da girman kowa ba. In kun je, ku zauna a gaba. In kun dawo aka nuna muku mai laifi, ku tambaya a hankali ko an gani ne, ko faɗa aka yi. Babbar 'yar Adama bana take gama sakandare, kuma daga kaskon nan ne.